Lauyan da Ya Ƙi Sauka Daga Kututture

A can Amirka, tun zamanin da lauyoyi ke zagaya kotuna bisa doki, an yi wani lauya sarkin surutu. Da ya nemi kujerar majalisar jiha, sai ya hau kututturen itace, yadda 'yan takara suka saba, ya ɓarke da jawabi.

Wani tsoho ya ce, "Ranka ya daɗe, saurara."

Ya ce, "Baba, ban gama ba."

Rana ta take, tsoho ya sake magana.

"Baba, ban gama ba!"

Da yamma ya duba, ba kowa sai tsohon. Ya ce, "To Baba, faɗi."

Tsoho ya ce, "Dā zan ce an fara zaɓe. Yanzu kam an gama, ka faɗi da ƙuri'a ɗaya. Tawa ce, ina nan ina jiran ka yi shiru."