Labarin da Ba Nata Ba

Akwai wata yarinya 'yar aji huɗu, mai bakin da ba ya hutawa. Babanta ne ya fara kiran ta Rediyo, sunan kuwa ya bi ta har makaranta. Ko kaza ce ta yi ƙwai a maƙwabta, ita za ta fara kawo labarin gida.

Yayanta yakan ce, "Wannan rediyo tamu ba ta da wurin kashewa. Batirinta ma ba ya ƙarewa."

Ita ko a jikinta. Ba muguwar yarinya ba ce, kada ku ce na ce. Magana ce kawai ba ta iya kwana a cikinta.

A makarantarsu akwai abin da ake yi duk ƙarshen shekara. Ana gobe za a ba da hutu, sai a gayyato iyaye. A ɗora wani ƙaton kwali a kan tebur, an yanke gabansa kamar talabijin, an zana masa maɓallai da fenti. Kowane aji ya ba da mutum ɗaya. Shi zai zauna a bayan kwalin ya karanta labaran ajinsu na shekara.

Da Malama ta ce, "Wa zai karanta mana namu?" ba a ma tsaya zaɓe ba. Duk aji suka juya suka kalli Rediyo.

Malama ta zauna da ita suka tsara labaran. Sun shuka furanni a bakin taga. An yi musu sabon allo. Wata kyanwa ta haihu a cikin kabad ɗin littattafai.

Malama ta ce, "Abin da muka shirya shi za ki karanta. Ban da ƙarin gishiri."

"To, Malama."

Rediyo tana da ƙawa guda da suke zama a benci ɗaya. Auta ake ce mata, don ita ce ƙarama a gidansu. Auta ba ta da hayaniya. A tsakiyar shekara ta yi rashin lafiya, ta daɗe kwance a asibiti. Da ta dawo, karatu ya yi mata nisa.

Ranar da ake gwajin karanta labarai, a lokacin tara, Auta ta ja Rediyo bayan aji. Ta daɗe tana murza bakin rigarta kafin ta yi magana.

"Hedimasta ya kira Babana. Sun ce zan maimaita aji huɗu."

Rediyo ta riƙe baki. "Ba za mu tafi aji biyar tare ba?"

Auta ta girgiza kai. "Ke kaɗai na faɗa wa. Kada ki gaya wa kowa tukuna. Ina jin kunya."

"Haba, ni?" in ji Rediyo. Har zuciyarta ta faɗi haka. Ta kuwa daure, ta kwana da maganar ba ta fitar ba, abin da ba ta taɓa yi ba.

Ranar taro, fili ya cika. Iyaye sun zauna a kan kujeru, yara a ƙasa layi-layi. Aka fara da manya.

Ɗan aji shida ya ce sun ci kofin ƙwallo. Aka yi ta tafi. 'Yar aji biyar ta ce malaminsu zai yi ritaya bayan ya daɗe yana koyarwa. Aka yi tafi har wasu iyaye suna share hawaye.

Sai aka zo kan aji huɗu. Rediyo ta shiga bayan kwali, ta gyara murya. Ta karanta labarin furanni. Ta karanta na allo. Ta karanta na kyanwa, 'yan aji ɗaya suka yi dariya. Amma tafin da aka yi bai taka kara ya karya ba. Ta hangi wani baba yana hamma.

Abin ya ci mata rai. Kowa ya zo da babban labari, ita da kyanwa za ta tashi? Sai maganar Auta ta taso mata. Ta ce a ranta, ai idan mutane suka ji, tausayin Auta za su yi. Kafin ta gama tunani, baki ya riga ta.

"Sai labari na ƙarshe. Ƙawata Auta ba za ta bi mu aji biyar ba. Za ta maimaita aji huɗu, saboda ta daɗe a asibiti. Muna yi mata fatan alheri."

Ta jira tafi. Ba wanda ya tafa.

Fili ya yi tsit. Yara suka shiga waige-waige suna neman inda Auta take. Wani yaro daga baya ya ce, "'Yar maimai," wasu suka ƙyalƙyale da dariya. Auta ta kifa kanta a kan gwiwa. Mahaifiyarta ta tashi daga cikin iyaye, ta ratsa layi, ta kama hannunta suka fita.

Rediyo ta fito daga bayan kwali. Malama ba ta yi mata tsawa ba. Ta dube ta kawai ta ce, "Je ki zauna. Gobe ma yi magana."

Mahaifiyar Rediyo tela ce. Da suka koma gida, ta zauna kan keken ɗinki ta ci gaba da aikin da ta bari. Keke na ta ƙara, Rediyo na tsaye a bakin ƙofa. Da faɗa aka yi mata da ya fi mata sauƙi.

Can ta ce, "Mama, ai gaskiya na faɗa."

Mama ta yanke zare da almakashi. "Na ce kin yi ƙarya?"

"To me ya sa kowa yake kallo na?"

Mama ta ɗaga ƙafa daga keke. "Zo ki zauna nan."

Rediyo ta zauna a kan buhun ƙyallaye.

"Kina ganin matan da suke shigowa ɗakin nan. Wata takan zo da tsohuwar rigar yayarta, ta ce in rage mata. In rage, in gyara wuya, ta sa ta fita kamar sabuwa. Kin taɓa jin na tsaya a ƙofar gida na sanar?"

"A'a."

"To da na sanar, ƙarya na yi?"

Rediyo ta ce, "A'a. Amma ba za ta sake kawo miki ɗinki ba."

"Ba ma wannan ba. Za ta ji kunyar sa rigar. Ni ce na ɗinka, amma rigar tata ce, labarin ma nata ne. Auta ajiya ta ba ki. Ke kuma kika raba wa mutane."

"Na ɗauka za su ji tausayinta."

Mama ta dube ta da kyau. "Tausayinta kika nema, ko tafi?"

Rediyo ta sunkuyar da kai. Hawaye suka zubo. Ta san amsar, amsar kuma ba ta yi mata daɗi ba.

Washegari aka zo karɓar sakamako. Wurin Auta a benci babu kowa. Rediyo ta yi ta kallon ƙofa har aka gama kiran suna. Ta ci jarrabawa, ta tafi aji biyar, amma ko murmushi ta kasa.

Da yara suka watse, Malama ta kira ta.

"Mahaifin Auta ya zo da sassafe ya karɓi nata. Ya ce ta ƙi cin abinci jiya. Ta ce ba za ta sake taka makarantar nan ba. Suna tunanin nema mata wata."

Rediyo ta ce, "Malama, don Allah ki sa a sake kaɗa ƙararrawa. Zan tsaya a gaban kowa in ba ta haƙuri, duk makaranta ta ji."

"Wato ki sake ɗaga maganarta a gaban mutane?" in ji Malama. "Kin tambaye ta ko tana so?"

Rediyo ta girgiza kai.

Malama ta dafa kafaɗarta. "Kina da baiwar magana, 'yata, shi ya sa muka zaɓe ki. Amma mai karanta labarai na kirki yakan fara tambaya, wannan labarin na wane ne? Ya yarda a faɗa? Ba makaranta kika yi wa laifi ba. Mutum ɗaya kika yi wa. Wurinta za ki."

Da yamma Mama ta rufe keke da zane, ta raka ta gidan su Auta. Rediyo tana tafe tana shirya maganar da za ta yi. Ta shirya mai tsawo, mai daɗi.

Mahaifiyar Auta ta karɓe su ba yabo ba fallasa. Ta kawo ruwa, suka gaisa da Mama. Sannan ta nuna ɗaki da haɓa ta ce, "Tana ciki. In ta kula ki, to."

Auta tana zaune a bakin gado. Ta ninke kayan makarantarta ta tura ƙarƙashin matashi. Ko ɗagowa ba ta yi ba.

Duk maganar da Rediyo ta shirya ta gudu. Abin da ya rage kaɗan ne.

"Auta, ki yi haƙuri. Kin ce kada in faɗa, na faɗa. Tafi nake so. Na yi laifi."

Auta ta kau da kai.

"Me kike so in yi?"

"Ki yi shiru," in ji Auta.

Wannan kuwa shi ne aiki mafi wuya da aka taɓa ba Rediyo. Ta zauna a ƙasa, ta haɗa hannu. Magana ta zo mata har wuya, ta haɗiye. Wata ta zo, ta haɗiye. Suna jin muryar iyayensu a tsakar gida, da ƙarar cokali a kofi. Rediyo ta daure.

Da aka jima, Auta ce ta fara magana, a hankali.

"Da ni zan faɗa da kaina, bayan hutu. Na so in shirya. Yanzu duk wanda ya gan ni zai ce 'yar maimai."

Rediyo ta ɗaga kai kawai.

"Kuma 'yan aji uku da za su zo, ƙanana ne. Idan Malama ta kira ni allo na kasa lissafin rabawa, su ma dariya za su yi."

Rediyo ta ɗaga hannu kamar a aji. Auta ta kusa yin dariya, amma ta danne. "Faɗi."

"Na iya rabawa. Littattafaina duk suna nan. Idan kin yarda, zan riƙa zuwa a hutun nan mu yi tare. Idan ba ki yarda ba, ba komai."

Auta ta dube ta. "Ba za ki je kina cewa kina koya mini ba?"

"Ko Yayana ba zai ji ba."

"Ban ce na huce ba fa."

"Na sani."

"To ki zo gobe."

Haka aka yi. Kusan kullum Rediyo tana zuwa da littafi da fensir. Wani lokaci su yi lissafi, wani lokaci su yi wasa, wani lokaci Auta ta tuna ta ɓata rai. Rediyo ta koyi jira. A gida Yayanta ya dame ta da tambaya, ina take zuwa da jaka alhali ana hutu. Ta ce, "Gidan su Auta." Daga nan ba ta ƙara ko kalma ba. Ya ce wa Baba lallai a duba rediyon nan, ta lalace.

Ranar da aka koma makaranta, Rediyo ta tsaya a bakin ƙofa tun da wuri. Ba ta tambayi Auta ko za ta zo ba, Auta kuma ba ta faɗa ba. Yara suna ta shiga. Har an kusa kaɗa ƙararrawa, sai ga Auta tafe da jakarta, sanye da kayan makarantarsu. Daɗi ya kama Rediyo.

Yaron nan da ya yi tsokana ranar taro ya matso. "Ke Rediyo, wai wane ciwo ne ya sa ƙawarki maimai?"

Rediyo ta ce, "Ba labarina ba ne. Ga mai shi nan, in ta ga dama ta faɗa maka."

Auta ta tsaya, ta dube shi ido cikin ido. "Na yi rashin lafiya, na warke. Zan maimaita aji huɗu. Akwai wata tambaya?"

Yaron ya sosa ƙeya ya wuce.

Auta ta kama hannun Rediyo. Suka taka tare har inda hanya ta rabu, aji huɗu dama, aji biyar hagu.

"Ki jira ni lokacin tara," in ji Auta. "Ina da abin da zan gaya miki."

Rediyo ba ta daina surutu ba, har yau tana nan da bakinta. Amma ta koyi cewa ba kowace gaskiya ce taka ta faɗa ba. Idan wani ya ba ka sirrinsa, amana ya ba ka. Kafin ka ba da labarin mutum, ka tambayi mai shi.