Audugar Rimi A Cikin Gangar Garzali

Ran Laraba ce da yamma, rana ta fara ja a kan gonakin shinkafa. A tsakar gidansu, can wani ƙauye kusa da Bunkure, Garzali ya baza kayan sautin da yake bayarwa haya yana gwaji, don ran Asabar yana da biki a Garun Malam. Ga lasifika, ga miksa mai daidaita sauti, ga babbar gangar nan da ake bugawa da ƙafa.

Ita gangar in an taka sai ta yi ta gunji, dole sai an cusa mata filo a ciki. Inna ta ce kar wanda ya taɓa mata nata, shi ne ya sa ƙanwarsa Murja ta ɗinka masa ƙarami. Ita kuma da ta rasa auduga, sai ta je gindin tsohon rimin da ke bakin kanal, hanyar ruwan noman rani. A kogon bishiyar ta tarar da ita a tare, lallausa, kamar wani ne ya shimfiɗa. Ko bismillah ba ta yi ba ta kwaso.

Garzali ya sa filon, ya zura makirufo ta ramin gangar, ya taka. Sautin ya fashe, ya fito a tsage kamar ana yaga zani. Ya duba miksa, jar fitila ba ta kama ba. Duk da haka ya rage ƙarfi, ya ja makirufon baya, ya sake takawa. Haka dai. Ya canja waya, ya canja lasifika, ya ɗaure fatar gangar.

"Injiniyan Kano ke nan," in ji Murja tana dariya. "Yaya, ko in kira maka mai gyaran rediyo?"

"Ke, wuce ki hura wa Inna wuta."

Ya ƙara takawa. Wannan karon Murja ba ta yi dariya ba.

"Yaya, bari. Wannan fa kuka ne."

Ya kashe janareta don ya saurara. Gidan ya yi tsit, ko kaji ba sa motsi. Amma a cikin lasifikar da babu wuta, wani abu yana ta shessheƙa a hankali. Sai tsakuwa ta faɗo a kan kwanon rufi. Ta biyu ta faɗo gaban Inna, jiƙaƙƙiya, da gansakukar kanal a jikinta. Murja ta toshe kunnuwanta ta zube.

Kwana biyu ba ta ci ba, kuma ba ta ji. Inna ta kira sunanta har muryarta ta dishe, ko juyowa ba ta yi. Kullum rana ta yi ja sai jifa ta dawo.

Ran Juma'a da yamma aka ɗauko Malam Habibullahi, mai makarantar Islamiyya, daga gonarsa, ƙafarsa duk taɓo. Ya yi alwala, ya zauna kusa da kan Murja ya fara karatu. Ya daɗe yana yi. Can ta buɗe baki, amma muryar wata tsohuwa ce ta fito.

"Malam, ya isa, kana ƙona ni."

"Me yarinyar nan ta yi miki?"

"Shimfiɗar jikokina ta kwashe, suna barci a ciki. Wancan kuma ya rufe su a ganga yana ta dukansu. Kunnensu ya mutu. Ni ma na riƙe nata."

"Ba ta sani ba, Baba. Me zai sa ki saki?"

"A yanka min baƙin bunsuru."

"Ba ma yanka wa kowa sai Allah. Faɗi wani."

Inna ta fara kuka.

"To a mayar min da shimfiɗata. Duka. Kafin ladan ya kira magariba. In ya rigaye ku, ta gama ji a duniya."

Garzali ya zaro filon. Ya ruga bakin kanal, ya farke ɗinkin, ya yi sallama, ya juye audugar a kogon. Ya dawo yana haki.

"Saura ɗaya," in ji muryar. "Ƙaramin."

Suka kakkaɓe gangar, suka share tsakar gida, babu komai. Rana ta kusa ɓacewa. Sai idon Garzali ya kai kan makirufon. A cikin ragar bakinsa ga wani ɗan farin silin auduga ya maƙale, yana motsi alhali babu iska. Ya murɗa kan ya ƙi buɗewa. Daga masallaci aka ji ladan yana hura lasifika.

Shi kaɗai ne makirufon ganga da yake da shi, kuma gobe biki. Ya fizge shi daga jikin wayar ya fita da shi da gudu ba takalmi.

Ladan ya ɗaga murya. Inna ta riƙe hannun 'yarta ta rufe ido. Malam bai daina karatu ba.

"Inna," in ji Murja, da muryarta ta kullum, "an kira salla. Ina butata?"

Har yau makirufon yana cikin kogon rimin, ba wanda ya taɓa shi. Masu dawowa daga gona da yamma, in sun zo daidai wurin, sai su yi sallama su rage murya.