Abin da Ke Kashe Kwamfutar Munzir

Ana gab da kiran magariba, lokacin da hayaƙin masu gasa masara ke kwantawa a lungunan unguwar Ard al-Liwa da ke Alƙahira, sabuwar kwamfutar Munzir ta sake mutuwa. Allon ya rikiɗe shuɗi, fankokin ciki suka ja wani dogon numfashi, sai shiru. Daga cikin akwatin wani wari ya taso, warin ruɓaɓɓen kifi da jiƙaƙƙen tsumma, har sai da Munzir ya toshe hanci da wuyan jallabiyarsa.

"Baba, ta sake?" in ji 'yarsa Shahd daga kan tabarmarta a lungun ɗakin, inda take rubutun makaranta.

"Ta sake. Yi karatunki."

Saboda yarinyar nan ya haɗa kwamfutar. Matarsa Widad lalle take yi wa matan Zamalek, unguwar masu kuɗi, ba ta dawowa sai bayan isha'i. Shi kuwa wani kamfani ne a unguwar Ma'adi ya ɗauke shi aiki don yana jin Hausa da Larabci. Aikin ba na faɗa a gaban abinci ba ne. Bidiyoyin da mutane ke ɗorawa a intanet ake turo masa, ya kalla, ya goge wanda bai kamata ido ya gani ba: yankan mutane, ƙona mai rai, gawarwaki a gefen hanya, da masu dariya a bayan waya. Tun da ya fara, nama ya fita ransa, mutane ma sun kusa fita. Kamfanin ya yarda ya yi aikin daga gida in yana da na'ura mai ƙarfi, shi kuma ya gwammace haka da ya bar 'yarsa tana gararamba a matakalar bene har dare. Ya juya teburin, allon na kallon bango inda dulab ɗin tufafi yake, bayan na'urar na kallon tabarmar Shahd. Ya sa iyafis a kunne. A ganinsa ya gama tsare ta.

Komai na cikin na'urar sabo ne fil, ban da akwatin. Shi a hannun mai bikya ya saye shi, cikin masu yawo da keken jaki suna sayen tarkace. Ranar da ya buɗe shi ya tarar da ƙwan kyankyaso jere a kusurwa da wani baƙin abu mai danƙo da bai so ya san sunansa ba. Ya kankare, ya goge, ya ce ai ƙarfe ƙarfe ne.

To, ƙarfen nan ya nuna masa iyakarsa. Da rana, Shahd na makaranta, na'urar gudu take kamar ba gobe. Amma da yamma ta yi, aiki ya yi zafi, sai ta faɗi. Munzir ba baƙon waya da sukuru ba ne. Ya zare ram, sandunan ƙwaƙwalwar na'urar, ɗaya bayan ɗaya ya gwada. Ya ce zafi ne, ya kankare man da ke sanyaya firosesa, zuciyar na'urar, ya shafa sabo. Ya ce wutar unguwar ce, ya canza abin da ke raba wa kayan ciki wuta gaba ɗaya. Ya goge komai ya sake ɗora manhaja tun daga tushe. Bayan kowane gyara yakan kwana da murna, washegari da magariba allon ya sake yin shuɗi, warin ya sake tasowa. Daga Ma'adi kuwa an fara yi masa magana: in na'urarsa ba za ta tsaya ba, ya dawo ofis.

Sai aka fara jifa. Tagar ɗakin tana kallon manwar, ramin shan iska da ke tsakiyar benen, wanda maƙwabta suka mayar da shi juji. Da farko ƙashin kaza ne ya faɗo kan teburin. Washegari ɓawon ƙwai mai wari. Munzir ya leƙa sama ya zazzagi mutanen bene, babu wanda ya tanka. Ya rufe tagar ya sa sakata. Ran nan, tagar na rufe, wani ruɓaɓɓen kan albasa ya daki tsakiyar allon, ruwansa ya gangaro. Ya ɗauko tsumma ya goge.

"Abu Shahd," in ji Widad da ta dawo ta ji warin, "akwatin nan ba lafiya ba. Ka fitar mana da shi."

Ba don ya yarda da ita ba, sai don babu abin da ya rage bai canza ba, ya sayo sabon akwati. Ya kwashe kayan ciki ya mayar can, ya buɗe taga ya wurga tsohon cikin manwar, ya tofa yawu a bayansa. Da yamma ya kunna. Magariba ta zo ta wuce, na'urar ko gezau. Munzir ya yi hamdala, ya ci gaba da kallon abin da ake biyansa ya kalla.

Da ya cire iyafis don ya yi sallah ne ya ji shirun ya yi yawa. Shahd na zaune a tabarma, fensir a hannu, idanunta a rufe gam, kamar an ɗinke su.

"Shahd, buɗe idonki."

"Baba, ba ni na rufe ba."

Ya sa yatsa ya ɗaga fatar idon, ta ƙi ɗaguwa. Kuma warin nan, warin da ya wurga cikin manwar, yanzu daga bakin 'yarsa yake fitowa. Tsoro ya kama shi, amma abin da ya fi ba shi kunya shi ne ƙyamar da ta sa ya ja da baya daga 'yar cikinsa.

Da gari ya waye idanun suka buɗe. Likita ya duba, ya ce tamam, babu komai. Amma kullum yamma, da zarar Munzir ya zauna aiki, sai su rufe, yarinyar ta yi zuru tana huci. Ta daina cin abinci sosai, wuyanta ya zama kamar na tsuntsu. Widad ta ajiye kwanon lallenta, ta tafi da kanta ta nemo Malam Harun, wani ɗalibin ilimi ɗan Zariya da ya daɗe a Alƙahira, wanda mutanen unguwa ke kira in irin wannan ta taso.

Malam ya iso rana na faɗuwa. Mutum ne siriri, marar yawan magana. Ya tsaya a bakin ƙofa ya shaƙi iskar ɗakin, fuskarsa ta yamutse. Ya sa Widad ta riƙe yarinyar, ya zauna nesa kaɗan, ya fara karatu a hankali. Hasken taga ya yi ta raguwa. Hayaniyar tuk-tuk, babura masu ƙafa uku, ta ƙasa ta yi nisa, kamar an rufe benen da bargo. Da ya kai Ayatul Kursiyyu, ya maimaita, sai Shahd ta miƙe wuya, wata murya ta fito daga bakinta, muryar tsohuwa mai kaushi.

"Khalas, ya isa, Malam. Ka ƙona ni."

"Wace ce ke?"

"'Yar juji ce. A akwatin can nake zaune, ba na damun kowa, wannan ya sayo ni da gidana."

"Ke kika dinga kashe masa na'ura?"

"Ni ce. Ni na yi jifa kuma. Kurma ne."

"Don me?"

Muryar ta yi wani kaki, kamar mai shirin amai. "Malam, a bola aka haife ni. Na kwana cikin mushen jaki. Na yi ƙuruciya a bakin masai. Wallahi ban taɓa ganin ƙazanta irin wadda mutumin nan ke zubawa a ɗakin nan kullum yamma ba. Ku kuke kiran mu ƙazamai. Mu ba ma yanka ɗan'uwanmu muna ɗauka a waya."

Munzir ya ce, "Aikina ne, Malam. Gogewa nake yi, don kada 'ya'yan mutane su gani."

"'Ya'yan mutane," in ji muryar. "Taka fa?"

"Ba ta gani. Na juya allon."

"Ka juya shi ga dulab. Ƙofar dulab ɗin ba ta rufuwa, madubi ne a jikinta. Duk abin da ka kalla, tana kallo daga tabarma. Ba ta faɗa maka ba don ta ji ana cewa za a mayar da kai ofis. In na ga ta ɗaga kai sai in kashe. Kai kuma ka yi ta zare wayoyi kana zagin wuta. Da ka wurgar da gidana, hannuna ya daina kaiwa ga na'urar. Me ya rage in rufe? Sai idon."

Widad ta saki wani sauti da ba kuka ba ne tukuna.

Malam Harun ya ce, "Na ji. Amma jikin nan ba naki ba ne, kuma kina cutar da ita. Dubi yadda ta rame. Za ki fita."

"Ka bar ni a akwatin to. A ɗauko shi a mayar da kayan ciki. Ba zan taɓa ta ba, na rantse. In ci gaba da kashewa kawai."

"A'a."

"In na tafi, wa zai rufe mata?"

"Tana da uba," in ji Malam.

Muryar ta yi wata gajeriyar dariya marar daɗi, kuma Munzir ya ji ta har cikin ƙashinsa. "To. A fitar mini da gidana daga ramin nan, maƙwabtanku ƙazamai ne. A kai ni babban juji, inda babu allo."

"Za a kai. Fita ta ƙafa, kada ki taɓa idon."

Malam ya ci gaba da karatu, muryarsa ta ɗan ɗaga. Ɗan yatsan ƙafar Shahd na hagu ya yi rawa, ya miƙe, ya saki. Warin ya bi ta taga kamar an janye zane. Yarinyar ta buɗe ido ta ce tana jin yunwa.

Munzir da kansa ya sauka cikin manwar, ƙafarsa na nutsewa cikin abin da bai so ya duba ba, ya ciro akwatin ya ba mai kwasar shara ya kai babban juji. Malam, yana sa takalmi, ya ce masa, "Akhi, ni nawa ke nan. Sauran ba na ruƙiyya ba ne."

Washegari da yamma, Widad na kicin, Munzir ya kunna na'urar. Ta tashi sumul, fankoki na juyawa a hankali, babu wari, babu shuɗi. Bai zauna a kujera ba. Ya zagaya ya durƙusa a kan tabarmar, kusa da Shahd, ya sunkuyar da kansa daidai tsayin nata. Ga ƙofar dulab a ɗan buɗe, ga madubi, ga allonsa a ciki tas, babu abin da ya ɓoye.

Shahd ta kalli madubin, ta kalle shi.

"Baba," ta ce a hankali, "mutumin nan mai farar riga da suka kwantar a ƙasa, ya tashi daga baya? Kullum kafin in gani sai ta mutu."

Munzir ya tuna mutumin. Ya san bai tashi ba. Ya miƙa hannu bayan tebur, ya laluba, ya zare wayar daga bango. Fankokin suka ja numfashi suka tsaya, madubin ya yi baƙi, babu kowa a cikinsa sai su biyu.