Ƙoƙon Tsohuwar Bakin Teku

"Ku matso, ku rage murya," in ji Yaya Lantana ga ƙannenta. "Wannan ba tatsuniya ba ce. Kawunmu Jatau abin ya faru da shi, lokacin da yake ci-rani a Kudu."

Wurin bakin teku ne, inda kogi ke haɗuwa da ruwan gishiri. Itatuwa tsaye cikin laka, saiwoyinsu a waje kamar yatsu. Nan kifi ke ƙyanƙyasa, nan tsuntsaye ke sauka. Hukuma ta killace shi, ta yi gadar katako don masu bincike da 'yan kallo. Aka ce kada a sari ko reshe.

Shi kuwa Kawu itace yake sayar wa masu bandar kifi. Ran nan da la'asar, ruwan teku ya janye kamar yadda yake yi kullum, ya sauka daga gadar da gatarinsa. Shi kaɗai.

Ya kayar da itace, ya kama wani. Sheƙa ta faɗo, ƙwai suka fashe. Tsuntsaye suka yi tsit.

"Sannu da aiki, ɗan Arewa."

Tsohuwa ce da jiƙaƙƙen zane. Hausarta tsaf, amma bakinta bai motsa ba. Daga ƙarƙashin laka muryar ke fitowa.

"Yauwa, Iya."

"Gidanku ne nan?"

"Daji ne, Iya. Ba na kowa ba."

"Ba na kowa ba," ta maimaita.

Ya dubi ƙasa. Shi laka ta kai masa gwiwa. Ita tana tsaye a samanta, yatsun ƙafarta dogaye, a baje, irin na zalɓe.

Ya nemi addu'a, harshe ya ƙi. Ruwa ya soma dawowa, ba lokacinsa ba. Cinya. Ƙugu. Ƙirji.

Ta miƙo masa ƙoƙo. "Ka gaji. Sha."

"Na ƙoshi, Iya."

"Sha ka tafi. Ko ka zauna da mu."

Ya sha. Laka ta sake shi. Masu gadin wurin suka tsince shi kan gadar, ba gatari, ba takalmi.

Ya dawo gida. Tun daga ranar, duk ruwan da ya kai baki gishiri ne. Na randa, na rijiya, har rubutun da malamai suka yi masa. Da idona na gan shi, leɓɓa a tsage, yana kallon tulu yana hawaye. Bai ga damina ba.

Ba wanda ya motsa a tabarma.

"In Allah ya kai ku can," in ji Yaya Lantana, "kada ɗayanku ya shiga cikin itatuwan nan shi kaɗai. Masunta sun ce har yanzu tana tambayar danginsa."