Ranar da Lurwanu Ya Zana Mai Tsamiya

Ran Alhamis da magariba na ɗauki ƙwaryar nono na nufi tsamiyar bayan gari, nan Gangara, yadda uwata ta yi, da uwarta. A aje, a juya baya, a tafi. Mai Tsamiya, aljanar wurin, ba ta son a gan ta. Muddin an rufa mata asiri, rijiyarmu ba ta ƙafewa.

Ni sau ɗaya na gan ta, ina yarinya. Ban taɓa gaya ma kowa ba sai jikana Lurwanu, da ya dawo daga Yamai da injin zane da haske, wai shi leza. Yana matsa mani ƙafa yana lallashi.

"Amaryata, yaya kamanninta?"

"Kai, miji marar cefane, sai ka rantse."

Ya dafa kaina ya rantse da Allah zai rufa asiri. Ni na goya yaron nan. Na gaya mashi.

Ran Alhamis ɗin nan, ina dosar tsamiyar sai na ji ƙugin inji da warin mai. Jama'a maƙil, har da baƙi daga Gazawa. Wani siririn haske kore ya hau ganyen yana zagaye. Dogon wuya. Kitso har ƙasa. Hannu guda.

Duk yadda na faɗa mashi.

Mutane na tafi, yara na ihu.

"Lurwanu, kashe!"

"Haba tsohuwa, ado ne kawai."

Injin ya yi tari, ya mutu da kanshi.

Zanen bai mutu ba.

Kwaɗi suka yi tsit. Warin danyar laka ya taso, irin na gindin rijiya. Kan zanen ya juyo a hankali. Ya wuce baƙi. Ya wuce Lurwanu. Ya tsaya a kaina.

"Zulai," muryarta can cikin kunnena, "kin nuna ni."

Ƙwaryar ta suɓuce.

Hannun ya miƙo.

Sanyi ya taɓa mani wuya.

Bisimillah kaɗai na iya tunawa. Maƙwabciyata da ake ce ma Baturiya ce ta fizge ni, ta ja ni a ƙasa har bakin hanya.

Da safe guga ta fito da yashi, tsakiyar damina. Yanzu matan garinmu sai ƙauyen gaba suke ɗebo ruwa, kuma kowa ya san daga bakin wa maganar ta fita.

Lurwanu kuwa an gayyace shi Maraɗi ya nuna zanen. Ya zo ya durƙusa, wai in sa mashi albarka.

Na daɗe ina kallon ƙeyarshi. Hannuna bai tashi ba.