Takalmin Don Eusebio

Ranar da Wilfrido ya fara ganin Yudelka, harara ta fara ba shi kafin gaisuwa. A ƙaramin asibitin garinmu ne, ranar Talata da ake ganin masu ciwon zuciya. Ta rako mahaifinta Don Eusebio, manomin koko, wanda ƙafafunsa suka kumbura har ya zo da silifas, shi da ko kanti ba ya zuwa sai da baƙin takalminsa mai igiya. A wurinmu Don ake ce wa dattijo don girmamawa, mace kuma Doña.

Wilfrido nas ne, sabon zuwa daga birnin Santiago. Ya miƙa wa dattijon takardar bayanin magani. Don Eusebio ya riƙe ta kai a ƙasa, ya gyara murya.

"Na baro tabarau a gida."

Duk garin nan mun san bai taɓa mallakar tabarau ba. Wilfrido ya karɓe takardar a hankali.

"Ni ma rubutun nan ciwon kai yake sa ni. Don Eusebio, akwai sikeli a gida?"

"Na buhunan koko."

"Ya isa. Ranar Asabar ina tafe."

Yudelka ta naɗe hannu a ƙirji. "Duk marasa lafiya kake bi har gida, ko masu 'ya'ya mata kaɗai?"

"Masu sikeli kaɗai, ranki ya daɗe Alƙaliya."

Ba ta yi dariya ba. Sai da suka hau babur ta ji murmushi na neman kufce mata, ta haɗiye shi.

Ranar Asabar ya zo da fenti kala biyu. Ya ɗora dattijon a kan sikelin koko, ya ce zuciyarsa ta gaji kamar tsohon famfon gona. In ba ta ja ruwa ba, ruwan a ƙafa da ƙirji yake taruwa. Ya roƙi a rage gishiri, a sha ƙwayar fitsari kullum da safe. Da kumburin ya sauka bayan mako biyu, ya ɗiga kore a inda allurar sikelin ta tsaya, ya ɗiga ja a gaba da kilo biyu.

"To Don, maimaita min, in ji ko na iya bayani."

"In allura ta wuce ja, ko takalmi ya ƙi shiga, ba ƙiba ba ce, ruwa ne. A kira ka."

"Kai! Ka fi wasu likitocin."

Dattijon ya yi dariya har da tari. Yudelka tana bakin murhu tana kallo, a ranar kuma ta ba shi lambarta, wai saboda Baba.

Da yamma saƙo ya shigo: "Alƙaliya, ya Baba? Ya kuma mai jinyar Baba?"

Ta amsa: "Baba lafiya. Mai jinya tana bincike a kanka, Malam Sikeli."

"Ki bincika da kyau, ruhina. Duk inda kika buɗe, ke za ki gani."

Ta karanta ya fi sau goma. Son shi take yi, ba wani ɓoye-ɓoye, kuma abin haushi yake ba ta.

Wadda ba ta ga abin so ba ita ce mahaifiyarta, Doña Nereida. A nan wurinmu, a kumatun miji ake auna mace. Ga nata mijin ya zube kilo biyar, wando na zamewa, matan coci suna kallonta ta gefen ido. An hana shi busasshen kifi mai gishiri, an hana dunƙulen miya, an hana tsiran alade na karin kumallo.

"Wane irin magani ne ke tsotse mutum?" ta ce wa 'yarta. "Ki buɗe ido, 'yar nan. Yana so ubanki ya zama kara, ya aure ki, ya gaje gonar koko. Ni ba yarinya ba ce."

"Haba Mama!"

"Haba ɗin me? Wa ya san asalinsa a Santiago?"

Yudelka ta kare shi a baki, amma maganar ta zauna mata a rai. Sai ga wata Asabar Wilfrido ya bar wayarsa a kan tebur yana duba ƙafar Baba, ta yi haske. Sunan mace ne, Amparo: "Masoyina, yau ma na yi yadda ka ce. Yaushe za ka zo?"

Ba ta tambaye shi komai ba. Da ma haka take, ta yanke hukunci sannan ta nemi shaida. Da Doña Nereida ta tare shi a bakin ƙofa ta ce kada ya sake taka gidan, Yudelka tana tsaye a gefe. Ya dube ta, ta kau da kai.

Kwana tara Doña Nereida tana gyara mijinta. Ta ɓoye ƙwayar fitsarin a gwangwanin sukari, ta dawo da kifin, ta zuba dunƙule bibbiyu a wake. Allura ta bar kore, ta taɓa ja, ta wuce. Matar nan har da kiran maƙwabciya ta zo ta ga kumatu. Don Eusebio kuwa ya daina kwanciya a gado, a kujera yake barci a zaune, wai zafi.

Ran na goma da hantsi Yudelka ta rubuta wa Wilfrido saƙo, don kawai ta ƙona masa rai: "Tun da ka daina zuwa Baba ya ƙara kilo huɗu. Ashe kai ke ramar da shi. Ka gaida Amparo."

Ya kira sau uku, ta ƙi ɗauka. Sai saƙo: "Ki tsane ni in kina so. Amma ki tashi yanzu ki sa masa baƙin takalminsa. Don Allah, Yudelka. Yanzu."

Ta ɗauko takalmin tana tsaki. Ta durƙusa gaban mahaifinta. Ko yatsunsa bai gama shiga ba. Ta danna ƙaurinsa da ɗan yatsa, wurin ya loɓa ya ƙi tasowa. Sai a lokacin ta ji yadda yake jan numfashi da ƙyar.

Dattijon ya ce a hankali, yana hutawa tsakanin kalmomi, "Ba ƙiba ba ce. Ruwa ne. A kira yaron."

"Baba, ka sani? Ka sani ka yi shiru?"

Ya dubi ƙofar kicin. "Uwarki tana murna. Shekara arba'in ban taɓa mayar mata da abinci ba."

Kafin ta danna lambar, ƙarar babur ta tsaya a waje. Wilfrido bai jira amsarta ba, da motar asibiti a bayansa ya taho.

Kwana shida Don Eusebio ya yi a gadon asibiti ana janye masa ruwa. A ranar farko, a barandar asibitin, Doña Nereida ta ciro gwangwanin sukari daga jaka ta miƙa wa Wilfrido.

"Ni na kusa kashe shi. Da hannuna."

"A'a Doña. Laifina ne. Shi na koya wa, na manta wadda ke riƙe da ludayi. Gobe da ke za mu fara."

Ta fashe da kuka, ta kama hannunsa ta ce masa ɗana.

Suna tsaye wata tsohuwa mai sanda, da ba ta da haƙori ko ɗaya a gaba, ta ɗaga murya daga benci: "Masoyina! Ka ga ƙafata ta sauka?"

Wilfrido ya juyo. "Alƙaliya, ga Doña Amparo. Shekararta tamanin da ɗaya. Har mai sayar da ayaba masoyinta ne."

Yudelka ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Da yamma ta rubuta: "Na yi kuskure. Bincike ya ƙare."

"Me aka samu?"

"An samu ina sonka, Malam Sikeli. Kada ka sa in maimaita."

"Maimaita min, in ji ko na gane."

Bayan girbin koko aka yi bikin. Doña Nereida ta dafa babbar tukunyar farfesu da tafarnuwa da lemun tsami, ba gishiri ko ƙwaya, duk wanda ya yamutsa fuska ta nuna masa hanyar gida da ludayi. Mun ci, mun yi gulma, mun ƙara.

Da safiyar ranar bikin, amarya cikin farar riga ta iske mahaifinta a kan sikelin koko. Allura tana kan kore. Ya sauko ya zauna, ya jawo baƙin takalminsa. Ta durƙusa za ta taya shi, ya ture hannunta. Ya zura ƙafar dama, ya zura ta hagu, ya ɗaure igiyar da kansa.

Da ƙafarsa ya taka da ita har gaban fada a coci, ya sa hannunta a na Wilfrido.

"Allah ya yi muku albarka, 'ya'yana," ya ce, "ya ba ku shekaru fiye da namu. Kai kuma, in ta zuba maka abinci ya yi yawa, ka buɗe baki ka faɗa mata."

Doña Nereida ta ce amin da ƙarfi, tana share hawaye.