Harbi Na Huɗu

"Ƙasa! Kowa ya kwanta ƙasa!"

Royce Tackett ya banke ƙofar shagon da ƙafa, ƙaramar bindiga fistol a hannu, fuska a rufe. Sha biyun rana ce, kuma babu kowa a ciki sai Verna Haskell, tsohuwar da ke sayen garin zinare a hannun masu haƙa na garin Tolsen. Miyar kifi take sha. Ta ajiye cokalin a hankali.

Orval Stroud, shi ma fuska a rufe, ya tare bakin ƙofa, libarbarsa na kallon ƙasa. Shekararsa hamsin da takwas. Sha tara daga ciki ya yi su yana raka mafarauta cikin dazukan Alaska da wannan bindiga a ƙirjinsa: samfurin da ake kira arba'in da huɗu ce, mai cin harsashi shida, nauyinta kamar guduma. Sau biyu beyar, ƙatuwar dabbar dajin nan mai farata, ta taso masa, sau biyu ya kwantar da ita. Bai taɓa nuna ta ga ɗan Adam ba. Yau ma ba zinare ya kawo shi ba. Ƙanwarsa Darla, matar Royce, ita ce a sitiyarin a-kori-kura a waje. Ya yi ya yi ta ƙi zama a gida, sai ya ce to, ƙafarsa ƙafarta.

"Buɗe akwatin, tsohuwa! Da sauri!"

Verna ta buɗe. Royce ya shiga kwashe kwalaben zinare yana zubawa a jaka. Ita kuwa ba shi take kallo ba. Idonta na kan ƙotar libarba, inda aka naɗe tsaguwa da jan zare.

"Orval," in ji ta, "ka rufe fuska ka bar wannan a waje? Mijina ne fa ya naɗa maka zaren nan."



"Shi ke nan, ta gane ka!" Royce ya juyo. "Gama da ita, suruki!"

"Ba za a taɓa ta ba."

"Kai, tsoho..."

"Na ce ba za a taɓa ta ba!"

Royce ya ja tsaki. Ya ɗaga fistol ya rafka mata a gefen fuska — tim! Verna ta zube bayan kantar shagon. Kafin Orval ya sunkuya, jiniyar shagon ta ɗauka.

"Mota! Mota!" in ji Royce.

* * *

Saje Kincaid na 'yan sandan jiha bai ko miƙe tsaye ba da kiran ya shigo. Hanya ɗaya ce ke fita daga Tolsen, kuma gada ɗaya take bi.

"Ku rufe gada," ya ce a rediyo. "In sun ga an rufe, tsohuwar hanyar ma'adinai za su bi. Ita kuwa a bakin kogi ta ƙare. Kada wanda ya yi gaggawa."

* * *

A-kori-kurar na tsalle a kan tsakuwa. Darla ta ƙanƙame sitiyari.

"Yaya, jinin wa ne a hannun Royce?"

"Dubi hanya, Darla."

Suka sha kwana. Ga gada, ga motoci biyu sun gitta, fitilu na walƙiya.

"Hagu!" Royce ya daka mata tsawa. "Hanyar ma'adinai! Akwai kwalekwale a ƙarshe, na ajiye tun jiya."

Orval ya dube shi. "Ba ka gaya mana ba."

"Komai sai na gaya maka? Kai dai riƙe igwarka. Harsasan da na ɗura maka shekaranjiya, ko injin mota suka samu sai sun huda shi. Ba irin na kanti da kake lallaɓawa ba."

Mil shida suka yi, motar ta kafe a taɓo har gindi. Suka dira da gudu. Darla ta taka wani dutse, ƙafarta ta gurɗe, ta ƙwala ihu. Royce ya faɗi da gwiwa, fistol ɗinsa ta nutse a laka. Da ya zaro ta ya ja kunama, ta ƙi motsi.

"Shegiya! Banza!"

Suka ja Darla zuwa wata tsohuwar bukkar katako ta masu haƙa. Taga ɗaya a gaba, ƙofa ɗaya a baya, sai kogi na ruri a ƙasan gangare. Dama da hagu dutse ne a miƙe kamar bango. Ba su gama mayar da numfashi ba suka ji ƙarar motoci.

"Orval Stroud!" Muryar Kincaid ce ta lasifika. "Verna ta faɗi sunanka. Ku fito hannu sama!"

Royce ya matso, murya ƙasa-ƙasa. "Ka ji, suruki. Kai ka riga ka ƙone, an san ka. Amma ita fa? Riƙe mana su minti goma. Harba sama, su noƙe. Ni zan kai ta kwalekwale."

"Yaya, a'a..."

"Tafi," in ji Orval. Bai dube ta ba. "Kai kuma, in wani abu ya same ta, ko ramin ɓera ka shiga sai na zaro ka."

Suka fice ta baya, jakar a kafaɗar Royce.

Orval ya durƙusa a gindin taga. Ya saita kan wata bishiya can sama da motocin, ya ja kunama.

Daram!

Bindigar ta doki tafin hannunsa kamar jaki ya harbe shi. Shekara sha tara bai taɓa jin ta yi haka ba. Albarushi ya yi yawa.

Daram! Rassa suka zubo. Daram!

Kunnensa ya toshe. Ya sake jan kunama — ta cije. Ya sa babban yatsa ya ɗana, ta ƙi. Gangar da ke juya harsasai ta tsaya cak. Ya karkata ta wajen haske, sai ya ga abin da ya faru: ƙarfin duka ya sa dalmar harsashi guda ta zame daga kwansonta, ta leƙo gaba ta tokare. Royce ya cika albarushi, bai matse bakin kwanso ba. Ba ta harbawa, ba ta buɗewa. Bindigar nan ta sha ruwan sama, ta sha ƙanƙara, ta taɓa kwana uku a cikin kogi, ba ta taɓa ba shi kunya ba sai yau.

Daga ƙasan gangare injin kwalekwale ya tashi. Orval ya sauke ajiyar zuciya. To, ta tsira.

Sai ƙofar baya ta motsa. Darla ce, da rarrafe, laka har gashi.

"Ya ce nauyi zai yi yawa," in ji ta. Ba kuka take ba. "Na riƙe gefen jirgin, Yaya. Ya taka mini yatsu."

Orval ya dubi hannunta. Sannan ya wurga libarbar ta taga.

"Kincaid! Zan fito! Ba zan iya ɗaga hannu ba, ƙanwata zan goyo. Kada ku harba!"

Ya goya ta kamar lokacin da take 'yar shekara biyar, ya fita, bakin bindigogi bakwai na binsa.

Bayan an sa masa ankwa, Kincaid ya ɗauko libarbar daga ciyawa, ya gwada buɗewa, ta ƙi.

"Me ya sa ka tsaya a uku?"

"Cijewa ta yi."

Sajen ya nuna saman dutsen dama da haɓa. Wani ɗan sanda na saukowa da doguwar bindiga mai madubi.

"Tun harbi na biyu yake da kai a saiti. Na ce masa in ka yi na huɗu, kada ya jira ni."

 Orval ya zauna a taɓo.

Royce bai yi nisa ba. Mil huɗu a ƙasa kogin ya kife kwalekwalen, aka tsinci gawarsa bayan kwana tara a kan tsibirin tsakuwa. Jakar ba a gan ta ba har yau. Verna Haskell ta rasa idon hagu, ta rufe shagon, ta koma wajen 'yarta. Darla ta samu ɗaurin shekara shida, yatsunta biyu ba su sake lanƙwasuwa ba. Orval aka ba shi sha huɗu. Da alƙali ya tambaye shi ko yana da abin faɗa, ya juya wajen Verna, ya buɗe baki. Ta kawar da kai, ta ba shi gefen mataccen idon.